Damina Goma Sha Bakwai da Na Sayar

Motar ta mutu ne kwana huɗu bayan mun bar Tawa, a wani daji tsakanin Fada da Wagadugu. Albasar Tamaske ce shaƙe a cikinta, mu biyu a saman buhuna, ni da Salifu. Kaɗan daga cikin buhunan namu ne, iyakar abin da muka mallaka ke nan a duniya. Direba ya leƙa ƙarƙashi, ya fito yana share hannu, ya tari wata mota ya tafi neman ƙarfen da ya karye, ya ce yanzu zai dawo. Kwana uku ya yi.

Salifu ɗan maƙwabcinmu ne a ƙauyenmu na wajen Kalfu. Darni ɗaya ya raba gidajenmu, sati ɗaya ne tsakanin sunana da nasa. Amma a dajin nan na gane ba irin yini ɗaya Allah ya ba mu ba. Ni ina hawa ina sauka, ina cusa hannu cikin buhu in ji ko albasa ta fara gumi, ina shinshinawa. Shi kuwa ya shimfiɗa zane a inuwar mota, ya samu wani tsoho Bagurme mai kiwon awaki, suna hira da hannu suna dariya, ba mai jin harshen wani.

"Asumane, zamna," in ji shi. "Shinshinar da kake yi ba ta hana ta ruɓa."

"Kai ba ka da zuciya ne?"

"Ina da ita. Aje ta na yi sai mun isa."

Da direba ya dawo, Salifu ya miƙe ya ce, "Af, har ya zo?" Na ji kamar in shaƙe shi. Rana ɗaya ta buge mu, kwana ukun nan ɗaya ne, amma shi ya ci su, ni sun ci ni. Har yau in na rufe ido, kwana ukun sun fi mini tsawo a kan duk shekarun da suka biyo baya.

Abin da ke cizona ba albasar kaɗai ba ce. Babana, Malam Idi, ya ba ni wa'adi. Ya ce, "Biɗar kuɗi ta rani ce. In hadari ya taso gabas, ina son in waiwaya in gan ka bayana da ƙwaryar iri." Haka muke shuka tun ina ƙarami: yana gaba yana sara da sungumi, ina baya ina zuba gero ina rufe ramin da diddige. Ƙaya ta taɓa shiga diddigena na dama ta yi ruwa, sai na saba rufewa da na hagu, ina ɗan jan ƙafar. Yakan ce bai taɓa ganin bahagon ƙafa ba sai ɗansa.

A Abijan wani mutumin ƙasarmu ta Adar ya sauke mu. Dillali ne babba a kasuwar albasa, kowa Maigida yake ce masa. Ya ba mu ruwa, ya tambayi damina, ya tambayi mutanen da ya sani a Adar ɗaya bayan ɗaya, har na ji kamar a zauren gidanmu nake. Da na yi maganar sayarwa, ya ce, "Ku huta, yau kasuwa ba ta yi ba. Sai gobe." Gobe ta zo, ya ce masu saye ba su sauko ba, sai gobe. Iskar garin nan jiƙaƙƙiya ce, ko riga ba ta bushewa, balle albasar da ta riga ta sha kwana uku a ƙarƙashin tampol. Ran na huɗu ruwa ya fara tsiyaya daga gindin buhuna. Sai ga wani mutum ya zo yana toshe hanci, ya taya kamar mai sayen shara. Maigida ya girgiza kai cikin tausayi ya ce mu sallama, kada mu tashi a tutar babu. Bayan kwana biyu na ga buhunanmu, da alamar jan zaren da na ɗaura musu, a magazar Maigida, wato ɗakin ajiyar kayansa, an tsince an shanya ana sayarwa da daraja. Mai toshe hancin yaronsa ne.

Salifu ya yi dariya har da riƙe ciki. "An yi muna lakwal," ya ce, "mun biya mushe." Wato an sa mu makarantar boko, mun biya malamin.

Ni ban yi dariya ba, karatun na ɗauka. Maigida bai yi mana ƙarya a kan mudu ko sikeli ba. Jira kawai ya fi mu iyawa. A cinikin abin da ke ruɓewa, wanda zai iya cewa gobe shi ke cin wanda ba zai iya ba.

Wadda ta tsame mu wata Babaule ce, ƴar ƙabilar can, mai teburin albasa a bakin kasuwa, Tanti Akisi, da goyon ƴa mace a bayanta. Ta ga mun yini ba mu sa komai a baki ba, ta turo mana aceke, dambun rogonsu na can, da kifi a leda, ta kau da kai don kada mu ji kunya. Ta nuna mana inda ake neman masu tsintar albasa, kuma in ruwa ya sauko takan matsa mana wuri a ƙarƙashin lemarta.

Ruwan nan shi ne farkon ruɗewata. Ranar da ya fara sauka a kanmu, ni da Salifu muka fito da gudu muna kallon sama, muna jiran ƙamshin ƙasa. Babu ƙamshi, sai warin kwata. Ba wanda ya ɗaga kai, ba wanda ya ce barka. A gida lokacin tsakiyar rani ne. Salifu ya tara hannu ya duba ruwan, ya ce, "Kai, asara! Ruwan da ba a shuka da shi." Ya yi ta zuba, ya ɗauke, ya sake dawowa cikin shekara ɗaya. Itatuwa kore jiya, kore yau. A Adar ba ka bukatar a faɗa maka watan da kake ciki: gawo ya zubar da ganye, ka san damina ce, rumbu ya cika, kaka ce, rijiya ta ja baya, bazara ta zo. A can kuwa babu abin da ke taɓa ka a kafaɗa ya ce shekara ta juya. Mota ta zo, a sauke, mota ta zo, a sauke.

Da labari ya iso cewa hadari ya fara haɗuwa a gida, Adarawan kasuwa suka shiga ɗaure kaya. A nan idona ya buɗe. Daidai lokacin da kowa ke tafiya noma, lokacin ne albasa ke ƙaranci, tana tsada, kuma masu saye suna yawo suna neman wanda zai ba su. Rumfuna sun zama wayam. Duk wanda ya tsaya wata huɗun nan, shi zai gaji abokan cinikin waɗanda suka tafi. Ban ga dalilin da zai sa mutum mai hankali ya bar wannan ya je ya bi bayan sungumi ba.

Na ce wa Salifu, "Ka ce ma Baba baɗi."

"Wannan saƙo nauyi gare shi, Asumane. Ba ni buhu in ɗauka, ya fi mini."

Ya dai kai saƙon, da abin da na ba shi a sa ƴan ƙwadago. Baba ya karɓi ƴan ƙwadago a noma, amma ya ce ba baƙon da zai zuba masa iri. Salifu ne ya gama nasa layin ya zo ya bi bayansa da ƙwarya.

Lissafina bai kuskure ba, ba zan yi ƙarya ba. Na samu rumfa, na samu magaza, har motoci suka fara zuwa da sunana a jikin buhu. Na auri ƴar wani Ba'adare da aka haifa a can. Kuma na yi wa sababbin zuwa abin da Maigida ya yi mana, na ba su ruwa, na tambaye su damina, na ce musu sai gobe. Salifu kuwa kowace shekara bayan kaka zai dawo a rame, baƙi ƙirin, hannu duk kanta, wurinsa na bara wani ya zauna. Ya koma turin pus-pus, amalanken hannu, wani lokaci ma ni nake ba shi dako. A kowane sikeli aka ɗora mu na fi shi nauyi.

To me ya sa in ya iso sai in ji haushi? Ranar zuwansa duk Adarawan da ke kasuwa sukan taru a rumfata, a kan bencina, suna shan shayina, amma shi suke kallo. Zai kwance ƙullin gumba ya raba, ya fara: bana ce shekarar da fari suka sauka a gabas da gari, bana ce shekarar da rijiyar masallaci ta rufta da guga uku, bana Malam Idi ya kori ɓarawon akuya da carbi a hannu. Kowace shekara tasa da sunanta, kamar ƴaƴa. Wata rana wani ya tambaye ni wace shekara na sayi magaza, na buɗe baki na rasa abin kamawa. Shekarar da aka sauke mota? Kowace shekara an sauke mota. Shekaruna sun manne da juna kamar albasar da ta kwana cikin ruwa, ba ka iya ɗaga ɗaya ka ce ga ta.

Na aika wa Baba agogon hannu mai kyau, na ruwan azurfa, don ya san ɗansa ba wasa ya tsaya yi ba. Bayan kaka Salifu ya shigo rumfata yana miƙo mini hannu, agogon na walƙiya a wuyan hannunsa.

"Ina ka samu wannan?"

"Baba ya ba ni. Ya ce shi inuwar rumbu ta ishe shi sanin azahar. Ni ke zuwa ƙasar da ba a ganin rana."

"Baba? Baban wa?"

"To, mi kake so in ce mai? Mushe?"

Mutane suka yi dariya. Ran nan dakon da na aje wa Salifu na ba wani daban, shi kuma na ce masa ya dawo gobe. Ya dube ni, ya dubi agogon, ya ce, "Ƙarhe nawa?" Suka sake fashewa. Ko a cin mutunci ya fi ni samun riba.

Sau ɗaya na je gida, da Inna ta rasu. Rani ne, na isa an riga an yi addu'ar bakwai, na yi kwana uku wayata ba ta daina ƙara ba. Baba bai yi mini faɗa ba. Da zan tafi ya ce, "Ka zo lokacin da ba a shuka." Na ce baɗi in sha Allah. A raina ban ɗauka ƙarya nake yi ba. Gani nake gida yana nan inda na bar shi, kamar kaya a magaza, an rufe an sa kwaɗo, ranar da na samu sarari in je in buɗe.

Wata safiya na hango Tanti Akisi a bakin teburinta, da goyo a baya, tana jera albasa uku-uku kamar kullum. Na ɗaga murya na gaishe ta da sunanta. Ta juyo tana dariya, ta ce, "Tonton, Mama na can." Kawu ke nan ta kira ni. Sai na ga wata tsohuwa mai furfura zaune a kan kujera a bayanta, ƙafa ɗaya a kumbure, tana yi mini hannu. Na yi shekaru ina wucewa ina gaishe su ban tsaya na duba ba.

Tsohuwar, Tanti Akisi ta ainihi, ta ce, "Asumane, wannan ita ce ke bayana ranar da kuka ci aceke kamar mayunwatan karnuka. Wancan na bayanta jikana ne. Kai, ka duba madubi kuwa?"

Na koma magaza na zauna a kan buhu na ƙirga da yatsu. Damina goma sha bakwai.

A satin nan ƙanwata Rabi, wadda ke kula da Baba, ta aiko mini da murya a waya. Ta ce, "Yaya, Baba ya fara ruɗewa. Kullum yana bakin ƙofa yana kallon hanya. Ya ce Asumane ya tahi da albasa watan jiya, yana nan tahe kahin ruwa. In kana son ya gan ka, ka zo." Saura kaɗan a shiga watannin da nake cin kasuwa. Na san abin da ke samun wanda ya bar wurinsa a wannan lokaci, da shi na gina kaina. Na damƙa wa ƙanen matata mabuɗi, na hau mota.

Na same shi a bakin ƙofa kamar yadda Rabi ta ce, ya ƙanƙance, idonsa dai garau. Na durƙusa na kama hannunsa. Ya dube ni da fara'ar da ake yi wa manyan baƙi.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Daga ina?"

"Baba, ni ne. Asumane."

"Allah Sarki, sunan ɗana gare ka. Rabi, kawo tabarmar baƙi!"

Rabi ta yi masa bayani, ta rantse, ya yi murmushi kawai kamar ana yi masa wasa. Ɗansa saurayi ne siriri mai saurin tafiya, wannan kuwa mai tumbi ne da farin gemu. Ana cikin haka Salifu ya shigo ta kafar darni, ba ma ta ƙofa ba. Ya riga ni isowa da sati biyu. Furfurarsa ta fi tawa, haƙoransa biyu sun zube. Fuskar Baba ta washe.

"Salihu, ɗiyana, zo ka gaida baƙo. Daga Abijan yake, ƙila ya san Asumane."

Na sha cuta a hannun mutane, na ga motar kaya ta ruɓe a gabana, ban taɓa jin abin da na ji a kan tabarmar nan ba. Da la'asar na tare Salifu a bayan rumbu.

"Ka sace mini uba."

"Ban sace ba. Bakin hanya ka aje shi, na tsinta."

"Kai ma ai ka tsufa! Ka fi ni lalacewa. Don me ya gane ka?"

"Ni gabanai na tsufa, Asumane, kaɗan-kaɗan, bai ga ranar da na canza ba. Kai ka tahi yaro, ka dawo tsoho rana guda. Ko ni da ban gan ka can ba, Alhaji zan ce maka."

Kwana tara ina baƙo a gidanmu. Baba yana ba ni labarin ɗansa, yaron kirki, sai dai gaggawa. Ƙanen matata yana kira, mai otal ɗin da na fi ji da shi ya fara saye a wajen wani, in dawo. Na fara tunanin ko zaman banza nake yi. Ran na goma da hantsi gabas ta yi baƙi, iska ta taso, ruwa ya sauka, ƙamshin ƙasa ya bugi hancina har sai da na dafa bango. Mata na guɗa, ana ta barka da ruwa daga gida zuwa gida.

Washegari da sassafe Baba ya ce a miƙo masa sungumi. Rabi ta ce haka yake yi kowace shekara, ana barinsa ya sara layi biyu ko uku a gonar bayan gida. Muka fita. Salifu ya ɗauki ƙwaryar iri ba tare da an ce masa ba, ya tsaya a bayan Baba. Na miƙa hannu.

"Ba ni."

Bai sake ta ba. A karon farko tun muna yara na ga dariya ta bar fuskarsa. "Wurina ne," ya ce a hankali. "Damina goma sha bakwai ina tsaye nan."

Sai na gane shi ma yana da abin da yake tsoron a ƙwace masa. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Muka tsaya, hannu huɗu a kan ƙwarya ɗaya, tsofaffi biyu. Baba ya riga ya fara sara.

"Layi guda," in ji Salifu, ya saki.

Na tuɓe takalmi. Ƙasar na da sanyi. Na zuba iri, na rufe, na zuba, na rufe. Ban yi tunanin ƙafa ba, ita ta tuna da kanta. Bayana ya fara ciwo tun kafin rabin layi. Baba ya tsaya ya huta, ya waiwaya, idonsa ya sauka a kan diddigena. Ya daɗe yana kallo. Na tsaya ina jira kamar ranar da nake jiran direba a daji.

"Baƙo, wa ya koya maka ruhe rami da hagu?"

"Ƙaya ce ta shige ni ina yaro, Baba."

"Ikon Allah. Ɗana ma haka yake yi, yana jan ƙahwa." Ya ɗaga kai ya dubi fuskata, ya bincika ta sosai, bai samu wanda yake nema ba. "In ka koma, ka ce mai an yi ruwa. Ka ce ya yi sauri, laima ba ta jira."

"Zan faɗa mai."

"To, mu je. Kai ka riƙe mai wurin kahin ya zo."

Salifu ya matso zai karɓi ƙwarya a ƙarshen layin, Baba ya ɗaga masa hannu ya ce a bar baƙo, ya iya. Salifu ya janye hannunsa, ya koma gefe.

Ban koma ba daminar nan. Mai otal ya tafi, wasu sun bi shi, na san ba za su dawo ba, don ni ma ban taɓa mayar wa kowa abokin cinikinsa ba. Baba bai kira ni da sunana ba har yau. Salifu ne ɗiyansa, agogon ma na hannunsa, kuma in na ji an ce "ɗiyana" har yanzu nakan waiwaya, sai in tuna ba ni ake nufi ba. Amma kowace safiya in ya fito bakin ƙofa, kafin ya kalli hanya, yakan tambayi Rabi, "Ina baƙon nan mai hagu?"

Bayan kaka ina zaune a gindin rumbu na ji wasu mata biyu suna gardamar yaushe aka haifi wani ɗan maraƙi. Ɗaya ta ce bara. Ɗayar ta ce a'a, bana ne, shekarar da baƙon Malam Idi ya zo ya ƙi tafiya. Na juya na dubi Salifu.

"Ka ji? Tawa ce wannan."

"Guda," ya ce. "Ina da goma sha bakwai."

Na ce masa ya bari mu ga baɗi. Ya tuntsire da dariya ya ce wannan saƙon ya gaji da ɗaukarsa, in tsaya in kai da kaina.